Hanyar da Aka Auna da Ƙwaryar Nono

Ga wata nan ta zo muku, a ƙasa kuma ta tako, don haka ku gyara zama ku ba ta wuri. A ƙarshenta akwai tambaya, ba a kuma son amsar ragwaye.

Akwai wani gari, ba sai an faɗi sunansa ba don wasunku suna da dangi a can. Hukuma ta gina musu katafaren filin wasa a bayan gari, na ƙwallo da kokawa da dambe, mai cin mutum dubu ashirin. Aka ja masa titin kwalta, ya zaga ta tasha, ya bi ta kasuwar hatsi, sannan ya nufi filin. Wanda ya zana titin nan mota kaɗai ya sani. Bai bar wa mai tafiya a ƙasa ko taku biyu a gefe ba, balle mai keke. Ranar wasa sai ka ga mutum da tirela da babur da mai turin baro a kan kwalta ɗaya, kowa yana ta ransa. In ka tsaya a tudun unguwar mahauta, ga filin can kana hange kamar ka yi jifa ka same shi, amma kafin ka isa sai ka yi zagayen kilomita bakwai, kana tafe kana salati.

A unguwar mahautan nan akwai wani mutum wai shi Mantau. A zamaninsa ɗan dambe ne wanda in aka ji kiɗansa maza suke tuna suna da uzuri a gida. Ranar da aka buɗe filin ya hau kekensa zai je kallo, wata babbar mota ta goge shi daura da kasuwar hatsi. Rai ya yi saura, ƙafafu suka tafi. Tun daga nan yake yawo a keken guragu, mai taya uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Hannun kuwa bai mutu ba. Har yanzu in ya gaisa da kai sai ka duba yatsunka.

Mantau yana da ɗa, Jatau, wanda ya gaji hannun. Shekara shida bayan haɗarin aka sa ranar babbar gasar dambe a filin nan, da kaka, 'yan wasa daga jihohi da dama, aka kuma kira sunan Jatau a cikin waɗanda za su kara. Sai dai masu gasar sun zo da doka: zaren da ɗan dambe yake naɗewa a dunƙulensa, a cikin fili za a ɗaure shi, gaban alƙalai, don kada wani ya cusa abin da ba hannu ba. Shi kuwa Jatau tun da ya fara dambe ba wanda ya taɓa ɗaure masa hannu sai ubansa, a zaure, kafin ya fita.

Jatau ya ce, “Baba, a sa ka a mota mana. Minti nawa ne?”

Mantau ya ce, “Ka taɓa ganin ɗan damben da aka shiga da shi fili a ɗauke? Fita ake yi da mutum a ɗauke. Ni an ɗauke ni sau ɗaya, ban ma kai filin ba. Ya isa.”

“To ka bi titi da kekenka, mu kewaye ka.”

“Titin da ya ci ƙafa, shi za ka ce in kai wa hannu?”

Jatau ya ce, “To ni ma ba mai taɓa hannun nan.”

Ba wanda ya ɗaga murya a cikinsu, amma kowa a gidan ya san an gama magana, don taurin kai shi ma gado ne. In Mantau bai isa filin da hannunsa ba, Jatau ba zai shiga ba. Ɗan damben da aka kira sunansa bai fito ba kuwa, ba a tambayar dalili. Gudu ya yi, haka makaɗa za su rera, haka kuma waƙar za ta bi shi har tsufa.

Mantau ya tuƙa kekensa ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ofishin ƙaramar hukuma. Aka ce musu hanyar ƙafa da keke abu ne mai kyau, akwai marmara, akwai motar daɓe, sai dai su nuna inda za a zuba. Sayen ƙasar da hanya za ta bi da gina gada kuwa, babu su a tsarin bana. Saura wata uku, damina kuma tana tsaka.

Samarin unguwa suka ɗauki igiya, suka ja layi ɗoɗar daga tudu zuwa filin, suka share, suka yi murna. Ruwa ɗaya aka yi, layin ya nutse a fadama, har takalmin mai unguwa ya tafi da shi.

To, a nan mutum na farko ya shigo, kuma mace ce. Sunanta Daso, Bafulatana mai tallar nono, rugarsu tana can bayan filin wasan. Shekara talatin tana shigowa gari da ƙwarya a ka, kullum kuma Mantau yana sayen fura a wurinta. Ranar nan yana zaune yana duban ƙasa, don wanda ke zaune ƙafafun mutane yake fara gani, sai ya lura da wani abu: an kwana ana ruwa, kowa ya shigo da taɓo har ƙauri, ita kuwa tafin ƙafarta kaɗai ya jiƙe.

Ya ce, “Daso, ke ta ina kike biyowa?”

Ta ce, “Ta inda shanun da kuke yankawa suka bi tun ba a haife ka ba.”

Ashe akwai tsohon burtali, hanyar shanu, da ya bi ta kan jigawa ya kauce wa fadama. Maza sun manta da shi, ciyawa ta rufe, matan ruga kaɗai suka riƙe shi da ƙafa. Ba su kuma so a sani. Nan ne wurin da suke tafiya ba mai yi musu hon, ba mai tare su da surutu, in sun gaji su sauke ƙwarya su miƙe ƙafa. Da Daso ta kai musu maganar, sai da suka yi kwana uku ba su yi mata sallama ba. Ta bi su bukka bukka har suka haƙura, ba don sun so ba, sai don ita ce babbarsu.

Da aka zo fitar da hanya, ta ce ba ta san igiya ba, ba ta san awo ba, abin da ta sani shi ne nono ba ya ƙarya. Ta cika ƙwarya fal har baki, ta cire faifan, ta ɗora a ka, ta ce su biyo ta da toka da fartanya. Inda ta karkata, a zuba toka a bi. Inda nono ya zuba, a tsaya: ko tudu ne a sare, ko rami ne a cike. Sai ta koma baya ta sake takowa, in bai zuba ba a wuce. Wani wurin sau shida tana maimaitawa. Kwana tara aka yi ana haka, kullum nonon ranar a ƙasa yake ƙarewa da kan zanenta, ba ta kai ko ludayi ɗaya kasuwa ba. Daga baya ma'aikacin hukuma ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya rubuta, ya sake leƙawa. Wuri ɗaya tak ya samu da gyara, inda aka sare tudun da babu shi, shi ma da aka bincika, atishawa ce ta kama ta a wurin.

Sai dai burtalin yana da maƙogwaro. A tsakiyarsa akwai inda dutse ya tokare ta hagu, darnin wani lambu ya tokare ta dama, tsakaninsu ɗan lungu wanda Daso take ratsawa a karkace. Mutum biyu ba sa jerawa, keke ba ya shiga. Dutse ba ya matsawa, saura darni.

Mai lambun shi ne mutum na biyu, sunansa Cindo. Lambun nan ba cin burtali ya yi ba, ubansa ne ya saya da shaidu tun shanu sun daina bi. A daidai bakin darnin kuma rijiyarsa take, da itacen lemo huɗu waɗanda uban ya dasa da hannunsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce, shi ma Cindo tsohon ɗan dambe ne, kuma Mantau ne ya zubar masa da haƙoran gaba biyu a dandalin gari, a gaban yarinyar da yake nema. Yarinyar ta yi dariya. Shekara ashirin da takwas ke nan ba su gaisa ba, ko a jana'iza suka haɗu kowa sahunsa daban.

Mai unguwa ya je, Cindo ya ba shi lemo ya sallame shi. Liman ya je, ya kawo masa hadisi a kan kawar da cuta daga hanya, Cindo ya ce Allah ya ƙara wa malam sani, ya ci gaba da ban ruwa. Mantau ya yi kwana biyu yana juya abin, sannan ya tuƙa kekensa a kan sabuwar sharar har bakin darni.

“Salamu alaikum, mai lambu.”

“Wa alaikumus salam. Ka zo ƙarasa sauran haƙoran ne?”

“Roƙo na zo.”

Cindo ya ajiye guga, ya daɗe yana dubansa. Bai tambaye shi abin da yake roƙo ba, duk gari ya sani. Ya ce, “Yaron naka, da dama yake bugu ko da hagu?”

“Da hagu.”

“Irin taka.”

“Ta fi tawa.”

Cindo ya sa harshe a giɓinsa, ya ce, “To ina so in ga ta sauka a bakin wani, in san ba ni kaɗai ba ne. Tafi, kana tsare mini iska.”

Washegari da hantsi aka ji sara. Cindo ne da gatari, shi da kansa, bai bari kowa ya taɓa itacen ubansa ba. Ya kayar da huɗun, ya tuge darni ya mayar da shi ciki taku takwas. Rijiyar ta koma waje, a gefen hanya. 'Ya'yansa suka ce ya haukace, rani na tafe, da me za a shayar da albasa? Ya ce a zagayo ta ƙofa a ɗiba kamar kowa. Suka ce to a rufe ta da kwano a sa kwaɗo. Ya ce a bar ta a buɗe, a bar gugan a kai, wanda ya taho a ƙasa zai so ruwa. Ba wanda ya biya shi diyya, shi ma bai buɗe baki ya nema ba.

Saura abu ɗaya. Dab da filin akwai kwazazzabo, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Daso gangarawa take ta hau, mai keke zai iya saɓa kekensa a kafaɗa, amma mai taya uku sai dai ya tsaya a baki ya ji ihun 'yan kallo.

Mutum na uku shi ne Dogara, maƙeri ɗan maƙera, wanda ya haɗa ƙira da walda. A bayan tasha akwai ƙashin wata tsohuwar babbar mota da ya shekara goma kaji suna kwana a ciki. Dogara ya roƙi direbobi suka bar masa, ya yanke dogayen ƙarafan ƙasan nan guda biyu da motar take zaune a kai, aka ɗaura wa shanun huɗa suka ja har bakin kwazazzabo. Wata guda yana aikin. Ya kafa ginshiƙai, ya shimfiɗa faranti, ya yi mata makari hagu da dama don kada wani ya faɗa. Da ya gama ya tura kekensa ya haye. Ya kira mutumin da ya fi kowa ƙiba a unguwa, shi ma ya haye ba tare da ya goga ba. Aka yi ta sa albarka. Hukuma ta cika alkawari, ta zuba marmara, ta daɓe tun daga tudu har bakin gada.

Saura kwana biyar, Mantau ya ce bari ya gwada. Ya taho lafiya lau, jama'a na biye, har tayar gaba ta hau gada. Tayoyin baya suka ce ƙas, suka tsaya. Ya ja baya, ya daidaita, ya sake. Faɗin gadar faɗin ƙashin mota ne, keken kuwa ya fi shi da yatsa uku. An auna ta da keke, an auna ta da ƙato, ba wanda ya tuna ya auna ta da mutumin da aka fara aikin dominsa, don duk masu awon a tsaye suke.

Wani ya ce abin ai ba wuya, taku goma sha biyu ne, a ɗaga shi a tsallakar, a kishingiɗa keken a wuce da shi. Mantau ya juya kekensa ya fuskanci gari.

Dogara ya ce, “Tsaya, Mantau. Kuskuren maƙeri a wuta ake gyara shi, ba a kafaɗar mutane ba.”

Ƙarfe kuwa ya ƙare, ko guntu babu. Ya koma maƙerarsa ya tsaya yana duban sama. Kafin la'asar ya sauke rufin, ya zare ƙarafan da suke riƙe da kwanon, ya ɓalle ƙofar ƙarfen da ya yi wa shagon da hannunsa. Ya yanke makarin gadar gaba ɗaya, ya yi mata fukafukai ta kowane gefe, ya ƙara faɗinta kamu guda, ya mayar da makarin. Kwana huɗu yana tsugune a kan kwazazzabo, rana ta sama, wutar walda ta ƙasa. Ranar da ya gama idanunsa sun kumbura sun yi jawur, sai da aka riƙe masa hannu zuwa gida. Maƙerar kuwa ta zauna a buɗe, ba rufi ba ƙofa, akuyoyi suna shiga suna fita.

Ranar gasa Mantau ya yi azahar ya kama hanya. Ba shi kaɗai ba. Mata da farantan talla, tsofaffi da sanduna, malaman makaranta a kan kekuna, magidanta da 'ya'yansu a wuya, mutanen da tun da aka gina filin ba su taɓa zuwa ba don tsoron titi. Ba hon, ba hayaƙi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da hirar mutane. Can nesa ana hango motoci sun cushe a kwalta ba gaba ba baya. Wasu suka kai hannu za su tura shi a ɗan hawan jigawa, ya dube su, suka mayar da hannunsu aljihu. Ya tsaya a rijiya ya sha ruwa. Ya hau gada, tayoyi uku suka wuce, da sauran wuri. Ya shiga ƙofar filin da hannunsa, gumi ya jiƙa masa riga.

Jatau ya durƙusa a gabansa ya miƙa hagu. Alƙalai suna tsaye. Mantau ya naɗa ƙyalle, ya kama zare, ya bi shi zagaye bayan zagaye, yana ja yana dannawa da babban yatsa, bai yi sauri ba. Da ya ɗaure ƙarshen ya buga dunƙulen sau ɗaya da tafinsa, ya sake shi. A turmi na biyu abokin karawar Jatau ya kai ƙasa.

Ana cikin sowa sai Tunau mai kalangu, tsohon makaɗin da ya yi wa Mantau kiɗa a zamaninsa, ya ratso fili da yaransa, ya tsuguna a gefen keken. Ya ce, “Na gaishe ka, maigida. Ɗa ya samu waƙarsa. Saura hanyar da ta kawo ka, yau za a raɗa mata suna. Jama'a sun ce a ce Hanyar Mantau.”

Mantau ya ce, “Ba a sa wa rijiya sunan mai ƙishirwa. Ni bi na yi.”

“To ba ni sunan wanda ya yi.”

“Su uku ne.”

Tunau ya girgiza kai. “A baiti sai in jero talatin, in yabi kowa da kakansa. Amma amshi suna ɗaya yake ɗauka, shi kuma mutane suke tafiya da shi gida. Abin da ka faɗa yanzu, shi jikokinka za su gaya wa baƙo in ya tambayi hanyar fili.”

Gaskiya ya faɗa. A garin nan allon hukuma yakan yi tsatsa ya faɗi, amma sunan da kalangu ya kama ba ya sakuwa.

Mantau ya ɗaga kai. Ga Daso can bakin ƙofa ta sauke ƙwarya tana dama fura, ko kallon dambe ba ta yi. Ba don ita ba, da har yau ana jan igiya a fadama, ba wanda ya san akwai inda ƙasa take riƙe ƙafa, kuma abin da ta bayar ba nata ba ne ita kaɗai, sirrin 'yan uwanta ne da kwanciyar hankalinsu. Ga Cindo a sahun gaba, ya harɗe hannu. Ba don shi ba, da hanyar ta mutu a jikin darni, sanin Daso ya zama labari. Ya ba da gadon ubansa da ruwan lambunsa, kuma wanda ya kunyata shi ya ba wa, abin da ya fi sare itace wuya. Ga Dogara a gefe da tsumma a ido, da kunne yake kallon wasan. Ba don shi ba, da an sha tafiya an tsaya a bakin rami ana hangen fili. Shi ne ya yi kuskure, ba a ɓoye ba, shi ne kuma ya rushe wurin cin abincinsa ya gyara, alhali da ya yi shiru ba mai zarginsa.

Masu amshi sun gyara tsayuwa, Tunau ya ɗaga makaɗi yana jira, mutum dubu ashirin sun kasa kunne.

Kada wani ya ce a haɗa su duka, an riga an gaya muku amshi ba ya ɗauka. Kada kuma wani ya ce Allah ne ya yi, wannan kowa ya sani, ba shi aka tambaye ku ba. To, ku da kuke zaune: Daso da ta san hanya, Cindo da ya ba da ƙasa, ko Dogara da ya ɗinke rami, sunan wa ya kamata Mantau ya faɗa?